Kwafin Ladabi na Doña Herminia

Maunabo, 3 ga Maris, 1997

Zuwa ga Zoraida Quiñones, jikar ɗan baffana marigayi Anselmo,

Allah ya yi miki albarka, ko da yake rabonki da neman ta tun Kirsimeti. Ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da tagwayenki, kuma sanyin Hartford bai daskarar da hannunki na dama ba, domin ban hango wani dalilin shirunki ba. Ni lafiyata ƙalau. Gwiwar hagu takan yi ƙorafi idan hadari ya haɗo, amma ban saba karɓar umarni daga gaɓoɓina ba, kuma ba zan fara ina da shekara saba'in da tara ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin san hanyar da ta ratsa gefen filinmu ta gangara bakin teku, wadda masuntan unguwa suke bi su kai ga kwale-kwalensu. Da mahaifina ya sayar da rabin filin a 1931, ya sa an rubuta cikin takardar cinikin cewa hanyar za ta zauna a buɗe ga duk mai ƙafa. Kamfanin otal da ya sayi wancan rabin bara ya kafa ƙyauren ƙarfe ya ɗaura kwaɗo. Yanzu Don Cheo, wanda ya girme ni da shekara biyu, ta bayan dutse yake zagayawa, tafiyar sa'a guda, da komar kamun kifi a kafaɗa.

Na kai ƙara kotun yankinmu. Kamfanin, da yake ba ɗan tsibirin nan ba ne, ya ɗauke shari'ar ya kai ta kotun tarayya a San Juan, inda kowa ɗan ƙasa ne amma ba a jin Sifaniyanci sai a wurin shan kofi. Lauyansu ya roƙi alƙali ya kori ƙarar, aka ba ni zuwa 24 ga wata in mayar da martani. In ban mayar ba, ko na mayar ba bisa ƙa'ida ba, kwaɗon ya zauna ke nan.

Kada ki ce in ɗauki lauya. Shekara arba'in da ɗaya ina koyar da nahawu. Rabin lauyoyin gabashin tsibirin nan ni na nuna musu inda ake sa waƙafi, kuma ina tune da waɗanda ba su koya ba. Na riga na rubuta martanina da Turanci, shafi sittin da huɗu, babu kalmar da ta fita daga layi.

Ba taimako nake nema ba, tambaya ce. Tun da kin yi shekara goma sha biyu kina buga wa lauyoyi takardu, ki sanar da ni ko akwai wata al'ada ta wancan gidan shari'a da ya kamata baƙo ya sani. Sunan alƙalin Villafañe. Na bincika, ba ɗalibina ba ne.

Kada ki wahala da neman lambar waya. Na sa an cire ta tun rasuwar maigidana, kuma ban yi kewar ƙararta ba.

Taki,
Herminia Betancourt Irizarry


Hartford, 10 ga Maris

Titi Herminia, gwaggona, ki sa mini albarka!

Ga shi na nema, a daina yi mini gori. Duk muna lafiya, sai tagwayen da suka yi mura tare suka warke tare, kamar sun haɗa baki. Ki gaida gwiwar, ki ce mata ina bayanta.

Titi, shafi sittin da huɗu? A ofis na karanta, na ƙware da kofi har maigidan aikina ya leƙo ya ga ko lafiya. Ki saurare ni da kyau, don a tsaye nake rubutun nan. A kotun tarayya doka hawa uku ce. Akwai ta ƙasa baki ɗaya, akwai ta kotun garin, sannan kowane alƙali yana da tasa, kamar yadda kowace uwar gida take da inda take ajiye cokulanta. Ta ukun nan ita ke kayar da mutane. Na kira wata ƙawata a San Juan ta karanto mini ta alƙalinki, ga ta:

Martani ba zai wuce shafi goma sha biyar ba. Ba sha shida ba, Titi. A buga da tafireta, a bar layi ɗaya fanko tsakanin layuka, kuma kada ki yi dabarar ƙanƙanta gefen takarda, sun san wannan tun kafin a haife ni.

Takardar cinikin 1931 da Sifaniyanci take, don haka sai an haɗa ta da fassarar Turanci mai hatimin tafintan da kotu ta yarda da shi. Na san kin fi shi iyawa. Ba iyawa ake nema ba, hatimi ake nema.

Ki ba lauyan kamfanin kwafi, ki rubuta a ƙarshe cewa kin ba shi.

Sai na ƙarshe, kada ki manta da kwafin ladabi. Cikin kwana biyu ya isa ofishin alƙalin kansa. An ce mutumin nan yana yafe komai ban da shi.

Don Allah ki bari in nemo miki lauya, ko ni in ɗauki hutu in zo. Na san amsar, amma na faɗa, a rubuta mini ladana. Bas ɗina ya iso.

Jikarki mai ƙaunarki,
Zoraida


Maunabo, 25 ga Maris

Zoraida,

Allah ya yi miki albarka, ya ƙara wa tagwaye lafiya. Wasiƙarki ta iso ranar sha bakwai. Na sami kurakurai uku a cikinta, amma da yake a tsaye kika rubuta ta, na yafe biyu.

Ina sanar da ke cewa an gama komai, kuma bisa ƙa'ida. Kwana huɗu na yi ina yanka. Na cire tarihin zuwan kakana daga Mayorka, na cire Latin gaba ɗaya, na cire shafi tara a kan halin mutumin da zai kulle wa tsoho hanyar abincinsa. Abin da ya rage ƙashi ne ba tsoka, amma ƙashin a miƙe yake. Tafintan mai hatimi, wani yaro ɗan shekara hamsin a Humacao, ya fassara takardar cinikin. Na gyara masa wuri biyu. Ya gode mini haƙoransa a haɗe.

Jiya na shiga motar haya ta farko zuwa San Juan. A tagar karɓar takardu na tarar da wata mace mai jan farce, Señora Matos. Ta dube ni, ta duba bayana.

"Doña, ina lauyan?"

Na ce, "Ni ce mai ƙara, ni ce lauya, ni ce kuma mai tafireta."

Ta lashi yatsa ta ƙirga. "Sha biyar cif. Kai, Doña, da lauyoyinmu za su yi haka da na daina shan maganin hawan jini."

Na ce, "Na iya ƙirga tun kafin a yaye uwarki."

Ta yi dariya har ɗan kunnenta na rawa, ta buga hatimi. Ƙarar hatimin nan ta yi mini daɗi fiye da yadda ya dace in bayyana.

Yanzu batun kwafin ladabi. Zoraida, wannan doka ita ta sa na fara ganin mutuncin alƙalin. A zamanin da yara ke shiga gida ba gaisuwa, a sami mutum yana tilasta ladabi a rubuce! Na duba kalmar a ƙamus uku, duk ma'anarta ɗaya: girmamawa, kyautatawa, abin da na ƙasa yake yi wa na sama da zuciya ɗaya. Sai na yi tunani, wane ladabi ne a miƙa wa babban mutum ragowar yanka? Shafi sha biyar na taga ne. Shi alƙali, cikakken ya dace da shi. Don haka na kwafe shafi sittin da huɗun nan da hannuna, da baƙar tawada, a kan takardar da na ajiye tun bikin ajiye aikina. Na ɗaure da shuɗin ƙyalle, na haɗa da wasiƙar gaisuwa ga iyalinsa, da kwalba ɗaya ta gwandar da na dafa da sukari da kirfa, domin a gidanmu ba a zuwa wurin babba hannu sake. Na miƙa wa mai gadin hawa na uku da kaina. Lauyan kamfanin kuwa sha biyar ɗinsa na aika masa, don ba na binsa ladabi, shi ma ba ya bina.

Kin ga ke nan ba a buƙaci lauya ba.

Taki,
Herminia Betancourt Irizarry


Hartford, 1 ga Afrilu

Titi, albarka, muna lafiya, WAYYO TITI!

Laifina ne, ni na rubuta a tsaye. Kwafin ladabi ba ladabi ba ne! Suna ne kawai! Kwafin abin da kika miƙa a taga ne, shi ɗin dai, ba ƙari ba ragi, don kada alƙali ya sauko ƙasa neman fayil. Abin da kika yi kuwa, a wurinsu, kin raɗa wa alƙali magana a bayan abokin shari'a, kuma kin haɗa masa da kyauta. Ba abin da suka fi tsoro kamar biyun nan. Zai iya soke martaninki duka, in ya soke kuma kamar ba ki ce komai ba ne, kamfanin ya ci.

Na kira shagon Don Cheo sau shida, wani ya ɗauka yana tambayata ko kifi nake so.

Zai kira ki gabansa, ina tabbatar miki. In ya kira, ki je. Kada ki kare kanki, kada ki kawo ƙamus, kada ki gyara wa kowa Turanci. Jimla ɗaya za ki faɗa: "Ya Mai Shari'a, na yi kuskure, ina roƙon izinin gyarawa." Shi ke nan, sai ki rufe baki. Na san tun da aka haife ki ba ki taɓa haɗa kalmomin nan wuri ɗaya ba. Ki gwada a gaban madubi, ba ya kai rahoto.

Titi, ba don ni ba, ba don ke ba. Don ƙafafun Don Cheo.

Zoraida


Maunabo, 2 ga Afrilu

Zoraida,

Allah ya yi miki albarka. Ban ji daga gare ki ba tun wasiƙata ta ƙarshe, ina fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Ni ina nan, gwiwa ta yi shiru, ina jin ta ga ba ranar wasa ba ce.

Yau da hantsi ɗan aike ya dawo mini da ƙunshina. Ƙyallen a kwance, kwalbar ko buɗe ta ba a yi ba. Tun da nake dafa gwanda ba a taɓa dawo mini da ita ba, har a gidan makoki. A saman ƙunshin akwai umarnin alƙali: in bayyana gabansa ranar 11 ga wata da ƙarfe goma, in faɗi dalilin da zai hana a soke martanina.

Ashe na yi gaggawar yabonsa. Mutum ya nemi ladabi a rubuce, a ba shi, ya mayar da shi ta hannun ɗan aike! Zan je. Zan tafi da ƙamus ɗina uku, in karanta masa ma'anar kalmar da shi ya zaɓa. Bugu da ƙari, a layi na huɗu na umarninsa akwai aikatau da bai dace da mai aikinsa ba. Na ja masa layi da jan fensir. Idan ya gama tambayoyinsa, ni ma ina da tawa.

Don Cheo ya ce, "Doña Mina, a bi a hankali, mutanen nan ba 'yan aji huɗu ba ne." Na ce masa ya kula da komarsa.

Taki,
Herminia Betancourt Irizarry


Maunabo, 12 ga Afrilu

Ƙaunatacciyata Zoraida,

Allah ya yi miki albarka, ya yi wa zuriyarki. Ina lafiya, sai gajiyar hanya. Ki zauna kafin ki karanta, wannan ba ta tsaye ba ce.

Wasiƙarki ta ɗaya ga wata ta yi kwana takwas a hanya, ta iso ana jibi zaman. Na karanta ta sau ɗaya na sa ta ƙarƙashin tukunyar fure. Da rana na ciro ta na sake karantawa, na mayar. Ban je gaban madubi ba. Madubin ya san ni tun ina amarya, ba zan ba shi wannan labarin ba. Amma washegari ina tsinke wake na faɗi jimlar sau ɗaya a hankali, kaza ce kawai ta ji.

Jiya muka tafi. Na ce ba na son rakiya, sai na tarar da Don Cheo da masunta huɗu sun riga ni shiga motar, kowa da rigar zuwa coci, suna ƙamshin sabulu da kifi. Na ce, "Wa ya gayyace ku?" Don Cheo ya ce, "Mu San Juan za mu sayen ƙugiya, Doña Mina. In hanya ta haɗa mu, ba laifinmu ba ne." Ƙamus ɗin suna cikin jakata, da umarnin mai jan layi. Ban yanke shawara ba har muka hau hawa na uku.

Alƙalin ɗan ƙaramin mutum ne mai furfura, kujerar ta fi shi girma. Lauyan kamfanin, wani Berríos mai sheƙin takalmi, ya yi minti ashirin yana magana. Ya ce na kewaye doka, na ɓoye masa shafi arba'in da tara, na nemi sayen kotu da kayan zaƙi. Da ya ce "saye", hannuna ya shiga jaka da kansa ya kama ƙamus.

Alƙalin ya ce, "Señora Betancourt, ban karanta abin da kika aiko ba. Magatakardata ta ga shafin farko ta rufe. Amma ina so in sani, me kika fahimta da kwafin ladabi?"

Na gaya masa, a taƙaice. Na ce na ɗauka babba ake girmamawa, kuma a gidanmu ba a girmama babba da ragowa. Wani ya yi dariya a baya. Alƙalin bai yi ba, sai dai ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

Ya ce, "Kina da abin da za ki ƙara?"

Zoraida, ina da shi. Ina da ƙamus uku, ina da layi na huɗu, kuma ina da gaskiya a kan kalmar, har gobe. Na waiwaya. Don Cheo yana zaune da hularsa a kan gwiwa, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Turancin da ake yi, fuskata kawai yake karantawa. Ya cire takalmi ɗaya a ɓoye saboda kumburin ƙafa.

Na saki ƙamus ɗin. Na ce, "Ya Mai Shari'a, na yi kuskure, ina roƙon izinin gyarawa." Sannan na rufe baki. Wannan kashi na biyun ya fi wuya.

Ya ce, "An ba ki. Kafin ƙarfe huɗu ki kawo kwafin shafi sha biyar ɗin, ba ƙyalle, ba kwalba." Ya juya ga Berríos. "Kai kuma ka ce an ɓoye maka shafi arba'in da tara. Kana da gaskiya. Za a ba ka duka sittin da huɗun, ka karanta, ka sanar da kotu a rubuce cewa ka karanta."

Berríos ya ce, "Ya Mai Shari'a, rubutun hannu ne fa."

Na ce, "Mai kyau kuwa." Wannan ta kuɓuce mini, ki yafe.

Daga nan alƙalin ya ce ya karanta sha biyar ɗin taga da takardar cinikin, kuma bai ga dalilin korar ƙarar ba, za a saurare ta a watan Yuli. Ya tambayi Berríos ko kamfaninsa zai fi son cire kwaɗon da kansa kafin lokacin, ko sai an rubuta masa. Berríos ya fita ya yi waya, ya dawo ya ce da kansu za su cire.

Señora Matos ce ta nuna mini injin kwafi. Ta ce, "Doña, labarinki ya zagaye benen nan kaf. Ni da kin kawo mini kwalbar, wallahi da ba ta koma ba." Ƙarfe ɗaya da rabi na miƙa. A mota na fassara wa masunta abin da ya faru. Don Cheo ya ce, "To me kika ce masa da ya sauko haka?" Na ce wata magana ce ta shari'a, ba ta fassaruwa.

Yau da safe ina kan baranda suka wuce su biyar ta gefen filin, suka gangara. Ƙyauren a buɗe, an tokare shi da dutse. Don Cheo ya ɗaga hula bai tsaya ba, ruwa na jiransa.

Sai dai ba a gama ba, Yuli na tafe. An ba ni sabon umarni mai shafi tara, na haɗo miki kwafinsa. A ciki an ce kafin zaman, ni da Berríos mu gana mu tattauna "da kyakkyawar niyya". Na san ma'anar kalmomin nan biyu tun ina 'yar shekara shida. Amma na lura a wancan gida kalmomi ba sa zuwa da ma'anar da iyayensu suka ba su. Saboda haka ki zauna a kujera, ki karanta shafi taran nan, ki bayyana mini su layi bayan layi, kamar yadda ake yi wa ɗalibar da ta zo aji a makare. Ba zan taɓa tafireta ba sai na ji daga gare ki.

Titinki,
Herminia